Daga Marisuwa Zuwa Korona: Wa Mura Ke Kwantarwa a Kwarin Rima?

Ranar 14 ga Satumba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a tashar Ikko. Daga gaɓar ƙasar da muke kira Gana a yau ya taso, kuma cikin fasinjojinsa akwai masu zazzaɓi da tari. Wata guda kafin nan wani jirgin yaƙin Ingila, Mantua, ya sauke irin wannan ciwo a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Daga Ikko cutar ta hau jirgin ƙasa, wanda shekara bakwai ke nan da isarsa Kano. Ta shiga jiragen ruwa da kwale-kwale a Kwara da Binuwai. Inda babu dogo babu kogi kuwa, ta bi sawun fatake da 'yan dako da sojojin da ake sallamowa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin shekarar ta fita ta game lardunan Arewa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya, ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 18 ba a lokacin. A duniya ana maganar miliyan 50, wasu ma su ce ya haura. Ita ce annobar da tsofaffin ƙasar Hausa suka daɗe suna ƙirga shekaru da ita, a ce wane an haife shi shekarar Marisuwa.

Kwarin Rima ba shi da dogo a wancan zamani, har yau ma bai samu ba. Amma bai taɓa zama a rufe ba. Kasuwar Jega tana tara baƙi daga ko'ina, fataken goro suna ratsawa su bi ta Ilo da Gaya zuwa Gwanja, Yawuri tana bakin Kwara, Gulbin Kabi kansa kuma hanya ne, tun daga Sakkwato ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi har ya gangara ya faɗa Kwara. A Argungu Sarkin Kabi Sulaimanu ke bisa gado. A Birnin Kebbi, wadda ta zama mazaunin Sarkin Gwandu bayan rikicin Satiru na 1906, a 1918 ɗin ne Usman ya karɓi sarauta. Talakawa ba su gama miƙewa daga yunwar 1913 da 1914 ba. Shigowar cutar Arewa kuma ta faɗo a kan kaka: an yanke gero, dawa na jiran girbi, shinkafar fadama na nuna, hunturu ya fara kaɗawa. Lokaci ne da kowane gida ke neman mai ƙarfin hannu.

Masu ƙarfin hannun nan su cutar ta fi kayarwa, kuma abin da ya bambanta ta da kowace mura ke nan. Mura ta kowace shekara tana kama kowa, amma in za ta kashe sai ta zaɓi bakin layi biyu, jarirai da tsofaffi. Idan aka zana yawan mamata bisa shekarunsu sai zanen ya fito kamar harafin U, tudu a farko, tudu a ƙarshe, tsakiya kwari. A 1918 sai ga tudu na uku ya taso a tsakiya, zanen ya koma W. A ƙasashen da ke rubuta mutuwa, kusan rabin mamatan 'yan shekara 20 zuwa 40 ne. Bayanan Amurka da Kanada sun nuna ƙololuwar tana wajen shekara 28. Tsofaffi kuwa, waɗanda aka saba binnewa a kowace mura, da yawansu suka tsallake. Rahotannin Najeriya da na Gana ba su saɓa wa wannan ba: matasa da magidanta ne suka fi faɗuwa, sai mata masu ciki, waɗanda abin ya fi yi wa muni. Wani likita a Amurka ya tattara bayanan masu ciki 1,350 da suka kamu, ya samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun rasu. Ohadike ya nuna cewa a ƙasar Ibo rashin majiya ƙarfi ya kai har mutane suka karkata ga noman rogo, wanda ba ya cin aiki irin na doya. A ƙasar da shinkafar fadama da su ke ciyar da gida, ba sai an tsaya bayyana abin da mutuwar ɗan shekara talatin ke nufi ba.

Wa aka kwantar a asibiti a Argungu ko Birnin Kebbi a waccan shekara? Tambayar ba ta da wurin zama. Likitocin mulkin mallaka 'yan kaɗan ne, aikinsu duba Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati, wasunsu ma yaƙi ya janye su. Talaka a ɗakinsa ya kwanta, aka yi masa abin da aka sani: sirace, jiƙe-jiƙe da sassaƙe, rubutun sha, kunu mai zafi. Kada a yi saurin raina wannan, domin asibitocin Landan ma ba su da abin da ya fi shi da yawa. Ba a gano ƙwayar da ke kawo mura ba sai 1933. Mafi yawan waɗanda suka mutu a 1918, murar ce ta fara farfasa hanyar numfashi, sannan wasu ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa suka sauka huhu, ciwon haƙarƙari ya ƙarasa aikin, kuma babu allurar fenisilin sai a shekarun 1940. Abin da ke raba mai rai da mamaci a lokacin shi ne jinya, wato a samu mai ɗebo ruwa, mai dama kunu, mai lulluɓe majinyaci. Daga nan ake gane sauran ɓarnar cutar da ke kwantar da 'yan tsakiya. Idan uwa da uba sun kwanta rana ɗaya, jinjiri da kaka suna cikin haɗari ko da murar ba ta taɓa su ba.

Lissafin mamata da aka aika Ikko da Landan daga Arewa ma ba daga asibiti ya fito ba. Daga bakin dagatai da hakimai ya fito, ya bi ta hannun Di'o da Razdan. Littafin da ke hannun dagaci kuwa na haraji ne. Magidanci in ya mutu dole a sani, don za a nemi kuɗinsa a rasa. Jaririn da ba a yaye ba babu mai nemansa a takarda. Wannan giɓi ya bi mu har yau, sai dai ya sake kama.

Shekaru arba'in da suka biyo baya su suka kawo gado da allura. A shekarun 1930 En'e ta fara buɗe ɗakunan shan magani a manyan gundumomi. A farkon shekarun 1950 Birnin Kebbi ta samu babban asibitin da ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Fenisilin ta iso, mutane suka ga mai ciwon haƙarƙari ya tashi cikin kwana uku, suka yarda da allura yarda mai tsanani, har wanda aka ba ƙwaya kawai ya ga kamar an cuce shi. Cikin wannan yanayi murar 1957 ta zo daga gabashin Asiya, ta 1968 ta biyo baya daga Hankan, kowacce ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya a duniya. A 1957 'yan makaranta ne suka fi kamuwa, su suka kai ta gidaje, amma mutuwa ta fi yawa a bakin layin nan biyu da aka saba. A 1977 kuma wani abin mamaki ya faru: irin murar da ta ɓace tun 1957 ta dawo, ta yi ta kwantar da 'yan ƙasa da shekara 25, manya kuwa kusan ba ta kula su ba, domin jikinsu ya riga ya san ta.

A nan ne masana suka fara kama bakin zaren. Tun 1960 wani likitan Amurka, Thomas Francis, ya lura cewa murar da mutum ya fara gamuwa da ita yana yaro ita ke tsara garkuwar jikinsa har tsufa. Kamar harshe ne: Bakabe ko ya shekara arba'in a Kano, in ya buɗe baki ka san inda aka yanke masa cibiya. Idan sabuwar mura ta zo tana da dangantaka da wadda ka sha a yarinta, jikinka zai gane ta ya tare ta. Idan ba su haɗa komai ba, sai ya yi ta harbin inda ba nan abokin gaba yake ba. Masana da dama suna ganin abin da ya ci 'yan shekara 28 a 1918 ke nan, domin an haife su ne daidai lokacin wata annobar ta 1889 da 1890, ta wani iri dabam. Ma'anar wannan mai nauyi ce. Ba yawan shekaru kaɗai ke sa mutum cikin haɗari ba, har da shekarar da aka haife shi. Don haka jerin waɗanda suka fi rauni ba ya zama ɗaya daga annoba zuwa annoba, kuma duk hukumar da ta haddace jerin annobar bara ta ɗauka ta gama shiri, ba ta fara ba.

Sai zamanin murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu da ita a Legas. A Yulin 2008 masu binciken dabbobi suka gano ƙwayar a kasuwar kaji ta Birnin Kebbi da ta Gombe, daidai lokacin da ta ɓulla a gonaki a Kano da Katsina, kuma nau'in da aka samu a waccan shekara ba irin wanda ya shigo a 2006 ba ne, sabon shigowa ne. Wanda ya san fadamar Rima ba zai yi mamaki ba. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya suna sauka a nan da hunturu, agwagin gida suna wanka a ruwan da suke sha, ranar kasuwa kuma a haɗa kaza da zabo da agwagwa a keji ɗaya. Su wa ke taɓa su? A gida mata da yara ne masu kiwon kaji. A kasuwa samari ne masu yanka da fige. Mafi yawan mutanen da H5N1 ta kama a Masar da Indonesiya da Biyetnam yara ne da matasa, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda aka haifa kafin 1968 suna da wata kariya daga gare ta saboda irin murar yarintarsu. A Jihar Kebbi waɗanda aka haifa kafin 1968 ba su kai ɗaya cikin goma ba.

A Maris 2009 aka yi bikin kamun kifi na Argungu, dubban masunta suka faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ba wanda ya san za a shekara goma sha ɗaya kafin a sake. Wata guda bayan nan sabuwar mura ta ɓulla a Meziko, wadda gidajen rediyo suka laƙaba wa murar aladu. Ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba. Wannan ce annobar mura ta farko da aka ƙirga gadajen asibiti a cikinta dalla-dalla, kuma abin da aka gani ya tabbatar da darasin 1918 a ƙaramin sikeli. A Amurka, cikin shekara guda, an ƙiyasta mutum miliyan 60 sun kamu, wajen 274,000 sun kwanta asibiti, wajen 12,500 sun mutu. Cikin waɗanda aka kwantar, kusan 87,000 'yan ƙasa da shekara 18 ne, kusan 160,000 'yan 18 zuwa 64, tsofaffi 'yan 65 zuwa sama kuwa wajen 27,000 kacal, wato ɗaya cikin goma. A mura ta kowace shekara tsofaffin nan su ke cika rabin gadaje ko fiye. Idan aka auna da yawan kowane rukuni, 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi kowa shiga asibiti. Mata masu ciki, waɗanda ba su wuce ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, su ne biyar cikin ɗari na mamata. Tsofaffi da yawa sun tsira ne don murar yarintarsu jikar ta 1918 ce, sabuwar kuma daga wannan zuriya ta fito. Sai dai tsohon da ta samu ta kama, ya fi kowa kusa da kabari. Haɗarin kamuwa daban, haɗarin kwanciya daban, haɗarin mutuwa bayan an kwanta daban, kuma rikita su ukun nan shi ke sa a yi shiri a karkace.

Mutanenmu sun fi tuna 2009 ta fuskar aikin Hajji. A watan Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka ba da shawarar a dakatar da 'yan sama da 65, da 'yan ƙasa da 12, da masu ciwo mai tsanani daga zuwa Makka a shekarar. Dattawan da suka sayar da shanu da shinkafa suka biya kujera sun kwana da zullumi. Cutar kanta ta yi jinkirin isowa Afirka ta Yamma. Sai a Nuwamba aka fara ganin ta a Najeriya, ta fi yawa a farkon 2010, cikin hunturu, lokacin da Turai ta riga ta wuce wurin.

Yadda aka gan ta shi ne abin dubawa. A 2008 Najeriya ta kafa tsarin sa ido kan mura a asibitoci huɗu: Asokoro a Abuja, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin koyarwa na Jihar Legas, da na Nnewi. A waɗannan wurare ake lakato majina daga hancin masu tari da zazzaɓi a aika ɗakin gwaji a Abuja. Mafi kusa da Birnin Kebbi shi ne na Kano, tafiyar fiye da kilomita 500 a mota. Yamai ma, inda cibiyar bincike ta CERMES ke irin wannan aiki wa Jamhuriyar Nijar, ta fi Kano kusa da mu. Duk mamatan da aka tabbatar ta gwaji a duniya sun kai wajen 18,500, na yankin Afirka ba su kai 200 ba. Da masana suka sake lissafi a 2012 sai suka ce adadin gaskiya yana tsakanin 151,700 da 575,400, kashi 80 cikin ɗari 'yan ƙasa da 65 ne, kuma rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya suka mutu. Wato inda aka fi mutuwa nan ne aka fi ƙarancin rubutawa.

Ra'ayina shi ne, jadawalin shekarun masu kwanciya asibiti da ake kawo mana daga waje yana da amfani, amma ba abu ɗaya yake aunawa a can da nan ba. A can, wanda numfashinsa ya sarƙe zai isa asibiti, ko ɗan wata uku ne ko ɗan tamanin, don haka gado yana nuna tsananin ciwo. A ƙauyukan Augie ko Kalgo ko Bunza gado yana nuna wanda ya iso ne kawai. Kafin a iso akwai matakai. Akwai kemis na bakin kasuwa, inda za a fara da maganin zazzaɓi da na tari. Akwai jiran maigida ya dawo ya ba da izini da kuɗin mota. Da damina akwai hanyar da ruwa ya cinye. Akwai kuma hukuncin da iyali ke yankewa ba tare da an furta ba: magidancin da ke ciyar da gida za a ci bashi a kai shi yau, jinjiri za a ce haƙori ne a ga gobe, tsohuwa kuwa da kanta za ta ce a bar ta a ɗakinta, tsufa ne. Duk wanda ya leƙa littafin asibiti ya ga tsofaffi kaɗan ne, ya ce mura ba ta damun tsofaffinmu, ya karanta littafin harajin 1918 ne da sabon bango.

Akwai kuma wani labule da mura ke ɓuya a bayansa a Kebbi fiye da ko'ina a ƙasar nan, shi ne zazzaɓin cizon sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar, adadi mafi yawa a Najeriya. Ka duba abin da wannan ke haifarwa. Yaro ya zo da zazzaɓin mura, aka soki yatsa aka gwada, layi biyu suka fito, domin rabin sa'o'insa ma in an gwada su haka za a gani. Malamin asibiti bai yi laifi ba da ya rubuta maleriya ya ba da magani. Amma murar ta wuce ba a rubuta ta ba, in kuma ta sauka huhu bayan kwana huɗu, sai a ce maganin ne bai karɓe shi ba.

Yaran da wannan ke faɗawa a kansu ba su da ƙarfin jurewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba sa kai shekara biyar, kuma wajen biyu cikin uku na masu rai sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan a jihar da ke tutiya da shinkafa, inda aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015, inda manyan injinan casa ke aiki a Argungu da Birnin Kebbi. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa a Maiyama. Yaro mai tamowa in ciwon huhu ya kama shi, sau da yawa ko zazzaɓin kirki ba ya iya yi, sai dai a ga ya yi laushi. Wani nazari na duniya da aka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa kashi 99 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da biyar da mura ke kashewa a ƙasashe masu tasowa suke. Saboda haka ko wane rukuni sabuwar annoba ta zaɓa a Turai, a kwarin Rima sai an ƙara mata ƙananan yara a kai, don yawansu da kuma rauninsu.

Korona ba mura ba ce, amma ta shigo wannan tarihi ta wata ƙofa. Ranar 11 ga Maris 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba, ita ce ranar da aka buɗe bikin Argungu bayan dogon hutunsa. A ƙarshen Afrilu aka tabbatar da mai ɗauke da ita na farko a Kebbi. A Kano kuwa cikin watan nan dattawa suka yi ta faɗuwa, malamai da 'yan boko da masu sarauta, kuma ba asibiti ne ya fara ankarar da jama'a ba, masu haƙar kabari ne suka ce aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an bi diddigin mutuwar mutum 979, rabi ko fiye suna da alaƙa da korona, akasarinsu sun haura 65, kuma da yawa a gida suka cika. Korona ta tsallake yara, ta bi tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Da yake jama'armu matasa ne, ɓarnar ba ta kai yadda aka yi hasashe ba, sai mutane suka fita da wani karatu mai haɗari: wai irin waɗannan cututtuka na tsofaffi ne da masu hawa jirgin sama. Ƙuruciyar da ta kare mu a 2020 ita ce za ta fallasa mu in mai zuwa ta ɗauko halin 1918 ko na 2009. H5N1 kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Tana ta dawowa gonakin kaji a Arewa, tun 2024 kuma ta shiga shanun tatsa a Amurka, abin da bai kamata jihar makiyaya ta ji ta kau da kai ba.

Ba a ce ba a ci gaba ba. Allurar da ake yi wa jarirai yanzu ta haɗa da rigakafin manyan ƙwayoyin cuta biyu masu kawo ciwon huhu, ɗaya tun 2012, ɗaya tun ƙarshen 2014, kuma irinsu ne suka ƙarasa mutanen 1918. Kowane yaron da ya kammala allurarsa an rage masa haɗarin annobar da ba ta zo ba tukuna, in an yi magana a dunƙule. Cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kebbi ta zama asibitin koyarwa. Korona ta bar ɗakunan gwaji da injinan oksijin a jihohi. Gwajin da aka yi a Bamako ya nuna in aka yi wa mai ciki rigakafin mura, jaririnta na samun kariya a watanninsa na farko, kodayake har yanzu wannan rigakafi ba ya cikin jerin na yau da kullum a Najeriya. Sarkin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera shi ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, tsarin da ya taimaka wajen yaƙi da shan inna, kuma ya isa har ƙofar kowane mai unguwa.

Abin da ya rage shi ne ƙirga. A Disamban 2024 aka fara rigakafin maleriya a Najeriya, aka zaɓi Kebbi da Bayelsa su fara. Kashi 49 ɗin nan ne ya kawo allurar Kebbi. Mura ba ta da irin wannan adadi a jihar, don haka ba ta da mai yi mata magana a teburin kasafi. Bai fi ƙarfin gwamnatin jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ba su sa asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko na Sir Yahaya, tare da babban asibitin Argungu, cikin wuraren da ake gwada masu tari da zazzaɓi duk mako, a rubuta shekarun kowa, a rubuta ko mace tana da ciki. Bai fi ƙarfin masarautun Gwandu da Argungu ba su sa masu unguwanni da limamai su riƙa kawo adadin jana'iza da shekarun mamata duk Juma'a, domin in aka wayi gari 'yan shekara talatin sun fara yawa a wannan lissafi, an samu labari makonni kafin kowane ɗakin gwaji ya bayar. Kowane ƙaramin asibiti kuma ya samu 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini, wadda kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba.

Kai kuma mai karatu, naka aikin a cikin gida yake. In yaro yana tari, ɗaga rigarsa ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Jaririn da bai kai wata biyu ba in ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, ko ka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi nono, to ba na kemis ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Mai ciki da zazzaɓi da tari kada ta kwana biyu ana jira. Tsoho in ya ce a bar shi, a lallashe shi. Saurayi majiyi ƙarfi kuma in mura ta sake shi ta dawo masa da zazzaɓi da ciwon ƙirji, kada a ce ai yaro ne zai tashi, a kai shi.